Karen da aka sauke a bakin kwalbati: wa ya ce ƙauye juji ne?

Malamin Ƙauye: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi nan, ko da wasu za su ga ƙaramin abu ne.

Ina koyarwa a wani ƙauye da ke kan hanyar Bauchi zuwa Dass, kullum a babur nake zuwa. Ranar Litinin ta makon jiya, wajen ƙarfe 7 na safe, wata mota ta tsaya a gabana a bakin kwalbati. Aka buɗe but, aka sauke kare, aka ja mota. Ba irin karnukanmu na gida ba ne, irin manyan nan ne masu tsayayyun kunnuwa da ake ce wa karen 'yan sanda, har da abin wuyansa. Wallahi ya bi motar nan da gudu har ta ɓace masa, sannan ya dawo daidai inda aka sauke shi ya zauna. Da na taso da azahar yana nan. Washegari ma yana nan. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe yana kaɗa bindi. Ranar Alhamis yara suka fara jifansa, ya shige ƙarƙashin kwalbatin. Yau kwana 9, haƙarƙarinsa duk a waje, kunnuwansa cike da kaska.

Wannan shi ne na uku da na gani bana a hanyar nan. Tambayata ga 'yan'uwanmu na cikin gari: in mutum ya gaji da karensa ya kawo shi ƙauye ya yar, me yake zaton zai same shi? Kuma wa ya gaya muku muna da rarar tuwon da za mu ba shi?

Baban Walida: Wa alaikumus salam. Haba Malam, da girmanka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kwanon masara ke gagarar magidanci, almajirai na kwana a tasha, kai kuma kare ne ya hana ka barci? Wanda ya kai shi daji ai ya kyauta ma, bai kashe shi ba. Dabba ne, zai nemi abincinsa.

Malamin Ƙauye: Baban Walida, ban ce kare ya fi mutum ba. Amma "zai nemi abincinsa" ɗin nan ita ce maganar gaba ɗaya. A ina zai nema? A cikin gari akwai bola, akwai kwata, akwai bayan gidajen abinci. A ƙauye ko ƙanzo ba a zubarwa, jiƙa shi ake yi a ci, in ya yi saura a ba kaji. Abincin da zai samu a nan shi ne kazar wata tsohuwa ko ɗan akuyar wani talaka. Mutanen da kake tausaya wa ɗin, su ne za su ciyar da shi ba da son ransu ba.

Buba Ɗan Ruga: Malam ya faɗi gaskiya, mu muka san zafin abin. Bara da kaka, a rugarmu ta wajen Liman Katagum, karnuka huɗu suka faɗa wa tumakinmu da asuba. Kura in ta kama ɗaya ta tafi da ita ke nan. Kare kuwa sai ya ciji wannan ya sake, ya bi waccan, kamar wasa yake. Kafin mu fito da sanduna sun yaga biyar, uku ba su kai rana ba, ɗaya ma tana da ciki. Cikinsu har da ragon da baffana ya yi wata takwas yana turkewa don ya sayar ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki. Biyu daga cikin karnukan nan da abin wuya na gan su da idona. Mu ma muna da karnuka, amma tun suna kwikwiyo suke kwana cikin garke, sun san tunkiya 'yar gida ce. Wanda ya tashi a bayan get bai san wannan ba. To wa za mu kai ƙara? Mai motar ya koma gida ya yi barcinsa.

Baban Walida: Allah ya mayar da alheri, Buba. Wannan kam ban yi tunaninsa ba.

Maman Sadiq: Ku bar ma maganar tumaki. Ɗana mai shekara 7 kare ya ciza a ƙwauri, yana dawowa daga Islamiyya. Ba wanda ya san karen, baƙo ne, an dai ce an kwana biyu ana ganinsa wajen rijiyar makaranta. Surukata ta ce a nemo gashinsa a ƙona a shafa, wani maƙwabci ya ce a zuba kalanzir. Ni dai hankalina bai kwanta ba, na goya shi muka hau mashin. Ƙaramin asibitin da ke kusa da mu ba su da allurar haukan kare, suka ce mu shiga gari. Sai da babansa ya sayar da awaki biyu kafin muka gama allurai da kuɗin mota. Alhamdu lillahi yaro ya warke, amma har yau in ya ji haushi sai ya ruƙunƙume ni. Duk wanda ya yar da karen nan, ban yafe masa ba.

Malamin Dabbobi: Maman Sadiq, kin yi dabara da kika ƙi tsayawa a kan gashi da kalanzir. Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri, domin wannan aikina ne kuma abin yana damuna.

Ciwon haukan kare in ya riga ya bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke samu, ta yawun bakinsa, ko da cizo ko da ya lashi wurin da ke da rauni. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ciwon yana ɓuya. Yawanci sai bayan wata 2 zuwa 3 yake fitowa, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Rauni ya warke, an manta, sai a wayi gari yaro yana zazzaɓi, yana firgita, a miƙa masa ruwa ya kasa haɗiya. A nan sai a ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi har rai ya yi halinsa.

Abin yi in kare ya ciji mutum: a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa har minti 15. Ba a ɗaure raunin da tsumma, ba a cusa masa komai. Sai a tafi asibiti a ranar. Allurar ba guda ɗaya ba ce, akwai ta ranar farko, ta rana ta 3, ta rana ta 7, da sauran yadda likita ya tsara, kuma ba a yankewa don an ga yaro yana wasa. Idan an san karen, a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10. In yana ɗauke da ciwon a yawunsa lokacin da ya yi cizon, cikin kwanakin nan zai nuna alama ko ya mutu.

To ga inda yar da kare ya zama mugun abu. Karen da ke da ubangida ana iya tambaya: an yi masa rigakafi? Yaushe? A ɗaure mana shi. Karen da aka yar ba wanda za a tambaya, ba wanda zai kama shi. Dole a ɗauka yana da ciwon, dole iyaye su sayar da awaki. Alhali allurar rigakafin kare ba ta kai ko kusa da kuɗin ta mutum ba, kuma a nan kusa da mu, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom da ke Filato, ake yin ta. Ana yi wa kwikwiyo yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara. Masana sun tabbatar in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki, ciwon yana daina yawo a tsakaninsu. Kowane kare da aka saki ba mai shi, baya yake mayar da wannan lissafi.

Ɗan Gwallameji: Ni a ganina ba sai an wahala ba. A sa musu shinkafar ɓera ko fiya-fiya a nama a huta.

Malamin Dabbobi: Don Allah kada a yi. Guba ba ta zaɓe. Karen makiyayi zai ci, kaji za su tsattsaga, mage za ta ci, ungulu ta sauka kan gawar ita ma ta tafi, ga shi dama ungulu ta yi ƙaranci a garuruwanmu, ku tuna yadda take cika kwata da can. Yaro ma yana iya ɗauka. Sannan mutuwa ce ta azaba, sa'o'i dabba tana shure-shure. Kuma ba ta magance komai, karya ɗaya da ta tsira cikinta wata biyu ne kacal, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane zubi kwikwiyo biyar, shida ko fiye. Idan kare ya kai inda dole a raba shi da ransa, akwai allurar da likitan dabbobi ke yi, ya yi barci ya wuce ba tare da wahala ba.

Ɗan Mafarauci: Masu cewa "mafarauta za su ɗauka", ku daina yaudarar kanku. Mahaifina ya yi shekaru yana farauta a dazukan Ningi da Burra, ban taɓa ganin ya karɓi babban kare ba. Kwikwiyo ake ɗauka, ya tashi cikin manya, ya koyi bin sawu, ya san kiran ubangidansa. Karen farauta siriri ne, ƙafarsa ta saba da ƙaya da tsakuwa, ya yini da kunu da ɗan dusa. Wannan na Turawa jikinsa nauyi, gashi ya yi masa yawa, zafin Maris kaɗai ya ishe shi. Bai san maciji ba, bai san inda ake samun ruwa da rani ba. Karnukan ƙauye kuma ba sa barin baƙo, taron dangi suke yi masa. Yawancinsu ba sa kai wata biyu. Waɗanda suka rayu su ne suke haɗa gungu su zama abin da Buba ya faɗa.

Ɗan Bogoro: Bari in faɗi abin da wasu ke jin nauyin faɗa. A yankinmu da wasu sassan kudancin Gombe akwai masu cin naman kare, kuma akwai babbar kasuwarsa a Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato. Wasu daga cikin karnukan da ake yarwa can suke ƙarewa, 'yan kamu ne ke tsince su a hanya. Ba na neman kowa ya yarda da abincin wani. Abin da nake so a sani shi ne mu ma abin yana cutar da mu. Mai fawan da ya yanka karen da bai san tarihinsa ba, da yanka a hannunsa, yana taɓa yawu da ƙwaƙwalwa, ransa yake sa wa a haɗari. Dattawanmu ba sa taɓa karen da aka tsinta yana dalalar da yawu, amma yaran yanzu kuɗi kawai suke gani.

Hajiya ta Fadaman Mada: Ni abin da na lura, yayi ne ya kawo mu nan. Da sata ta yi yawa a sababbin unguwanni, kowa ya ce sai ya ajiye kare. Samari kuma suka mayar da shi ado, a ɗauki hoto da kwikwiyo a sa a Facebook. Ba wanda ya gaya musu wannan ɗan abin nan da wata takwas zai fi ɗan akuya girma, kuma zai iya shekara goma ko fiye yana ci kullum. Maƙwabcinmu ya sayi biyu, da yaron da ke kula da su ya tafi makaranta, sai suka koma kuka dare da rana a keji. Wata rana muka ji shiru. Ban tambaya ba, yanzu da nake karanta wannan jikina ya yi sanyi.

Baban Walida: Allah gafarta Malam Liman, kana nan kuwa? Ni na taso da sanin cewa ajiye kare ma bai halatta ba. In mutum ya gane kuskure ya rabu da shi, ina laifinsa?

Malam Liman: Ina nan, ina bin ku tun farko. Baban Walida, magana biyu ce kada mu gwama su.

Ta farko, riƙon kare. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya riƙe kare ba don farauta ko gadin dabbobi ko gona ba, ana rage masa lada kowace rana. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan in akwai buƙata ta gaskiya. Ana ba da labarin mai Risala, Ibn Abi Zaid, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Imamu Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Saboda haka wanda ya ajiye don ado kawai, tun farko bai kamata ba.

Ta biyu, abin da ke wuyanka bayan ka riga ka ɗauka. A nan babu sassauci. Kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda mage, ta tsare ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba. Kuma kowa ya san mutumin da ya ga kare yana lasar ƙasa don ƙishirwa, ya shiga rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da shi, Allah ya gafarta masa. Kare ne fa, ba rago ba. Da sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, aka ce musu akwai lada a kan kowace hanta mai danshi. Gyara kuskuren farko ba ya yiwuwa da zalunci na biyu.

Baban Walida: To ai Malam, hadisin ya ce ba ta sake ta ba. Wannan kuwa ya saki nasa.

Malam Liman: Tambaya mai kyau. Sakin da ake nufi shi ne wanda dabba za ta iya rayuwa da shi. Mage in ka buɗe mata ƙofa za ta kama ɓera da ƙadangare a unguwar da ta sani. Karen da bai taɓa cin abin da ba a zuba masa a kwano ba, ka kai shi inda ba ruwa ba abinci, Ɗan Mafarauci ya gaya mana ƙarshensa. Wannan ba saki ba ne, kisa ne da ka ƙi tsayawa ka gani. Sannan ga ƙa'idar da ta ce ba cuta ba cutarwa. Tumakin Buba da ƙafar Sadiq, duk akwai haƙƙinsu a kan wanda ya jawo, ko an san shi ko ba a san shi ba.

Wani Bawan Allah: Na daɗe ina rubutawa ina gogewa. Ni na taɓa yi. Ba wannan na hanyar Dass ba, nawa hanyar Ningi ne, shekara biyu ke nan. An yi mini canjin wurin aiki, gidan hayar da na samu mai gidan ya ce ba a shigo masa da kare. Na tambayi abokai uku, kowa ya ce a'a. Ranar da za mu tashi na sa karyata a mota, na wuce Gubi, na sauke ta kusa da wani ƙauye, na ajiye mata tuwo a leda. Na gaya wa kaina mutanen ƙauye suna son kare. Ta yi mini gadi shekara huɗu, ta taɓa korar ɓarayi daga kan katangata. Na gan ta a madubi tana bin motar. Yarana har yau suna tambayar inda take, ina ce musu tana gona. Kuma ban yi mata rigakafi ba a shekarar ƙarshe. Da Maman Sadiq ta yi magana sai da na ajiye wayar.

Maman Sadiq: Ban san me zan ce maka ba. Na ce ban yafe ba, kuma har yanzu zuciyata ba ta sauka ba. Amma ka fi wanda zai karanta ya wuce. Ka gaya wa 'ya'yanka gaskiya, kada su taso su yi irinsa.

Buba Ɗan Ruga: Da ka shigo ƙauyen ka yi sallama da mai unguwa, ka ce ga karyata, ga halinta, wa yake so, wataƙila da an samu. Masu lambu suna neman mai gadi. Abin da ke mana ciwo shi ne a sauke a gudu, kamar ba mutane a wurin.

Malamin Dabbobi: Wannan da Buba ya faɗa shi ne hanya. Wanda ya san zai rabu da kare ya fara nema tun da wata guda, ba ranar tashi ba. Ya yi masa rigakafi, ya karɓi katin, ya miƙa shi hannu da hannu tare da katin. In namiji ne a yi masa fiɗiya, yawo da faɗa za su ragu. Mace ma ana yi mata aikin da ba za ta ƙara haihuwa ba. Masu gidan gona da masu kiwon kaji sukan karɓa, masu sayar da kwikwiyo ma a matsa musu su nemo wani. In ya tsufa ko ciwo ya ci ƙarfinsa ko yana cizo, a kai shi asibitin dabbobi a yi abin da ya dace. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, a irin lokacin akan yi gangamin rigakafi, ku riƙa sauraren sanarwa a rediyo.

Malamin Ƙauye, turo mini kwatancen kwalbatin. Gobe ina da aiki wajen Dass, zan biyo. Kafin nan ka hana yara zuwa kusa, kai ma kada ka kai hannu. Ka ajiye masa ruwa daga nesa.

Malam Liman: Wani Bawan Allah, ƙofar tuba a buɗe take. Ka koma ƙauyen ka tambaya. In ta yi wa wani ɓarna ka biya gwargwadon ikonka, in ba a san labarinta ba ka yi sadaka, ka roƙi gafara.

Wani Bawan Allah: Zan je ranar Asabar in sha Allah.

Malamin Ƙauye: Jama'a ga yadda aka yi. Likita ya zo jiya da la'asar, Allah ya saka masa da alheri. Mun fara zuwa wurin mai unguwa, ya haɗa mu da wani dattijo mai lambun tumatir da albasa a bakin rafi, wanda ɓarayi suka sace wa injin ban ruwa bara. Ya ce zai riƙe in an tabbatar masa ba mahaukaci ba ne. Karen bai yi gardama ba ko kaɗan, da aka nuna masa igiya shi ya miƙo wuya. An cire masa kaska ta kusa cika gwangwanin madara, an yi masa allura, an ɗaure shi a gindin mangwaro nesa da gida. Ya sha kunu har kwano biyu.

Sai dai yau da safe dattijon ya ga ya natsu, ya kwance shi don ya ɗan zaga. Da na zo wucewa na same shi a bakin kwalbatin, zaune, yana kallon hanyar Bauchi.

Malamin Dabbobi: Ku mayar da shi, kuma kada a sake kwance shi yanzu. Ba mu san abin da ya haɗu da shi a kwanakin nan ba, dole ya zauna a keɓe, ba yara ba dabbobi, har in ce a sake shi. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci, a lokaci ɗaya, safe da yamma, yana kiransa da suna ɗaya. In ya daina ci, ko yawu ya fara zuba, ko muryarsa ta canza, ku kira ni nan take. Zan sake biyowa ranar Laraba.